Tsohuwar Mota da Zafin Yawuri: Ina Sanyin Ya Tafi?

Duk wanda ya dubi gindin dogon yaron da ke gaban ofishin malamai da tsakar rana zai ga motoci biyar suna rububin inuwa ɗaya. Babu sabuwa a cikinsu. Kowace ta girmi ɗaliban ajin ƙarshe, akwai ma wadda ta yi sa'a da wasu ƙananan malamai. Wannan ba abin kunya ba ne, domin da su muke kai mara lafiya asibiti da dare, da su kuma muke zuwa biki da jana'iza a Wara da Shanga. Sai dai a cikin biyar ɗin nan, ɗaya ce kaɗai na'urar sanyinta, wadda kowa ke kira esi, take aiki. Ɗalibai sun sha tambayarmu dalili, shi ya sa muka ga ya kyautu mu ba da amsa a wannan shafi.

Iyayenmu suna ba da labarin zamanin da ma'aikaci kan karɓi bashin mota ya sayi sabuwar Peugeot 504 daga masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Sai aka koma ga motocin da Turawa suka hau suka gaji, waɗanda muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, naira kuma ta sake faɗuwa a 2023, har Beljiyam ɗin ma ta zama ta masu hali. Abin da ya rage wa malamin makaranta shi ne motar da ta gama aiki a Turai, ta zo nan ta bi hannu biyu ko uku.

Wani abokin aikinmu ya ci bashin ƙungiyar malamai ya sayo Golf a Sakkwato cikin watan Disamba. Mai sayarwa ya kunna masa esi da safe, sanyi ya buso har ya ce a rage. Ya biyo ta Tambuwal da Jega da Koko yana murna. Kafin ƙarshen Maris babu abin da ke fitowa sai iska mai ɗumi. Ya kai gareji aka ce gas ya ƙare, aka ɗura. Bayan mako uku aka sake ɗurawa. Da ya je karo na uku ne muka zaunar da shi muka yi masa darasin kimiyya, ko da yake ya girme mu.

Kun san randa. Ruwan cikinta yana yin sanyi ne domin kaɗan daga ciki yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bushe, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da yake taɓawa. Haka kuke jin sanyi a hannu idan ma'aikaciyar asibiti ta goga muku maganin nan kafin allura. Esin mota ma wannan dabara ce. Bambancin kawai shi ne ruwan da ke cikinta ba ya jiran wuta kafin ya tafasa. Wanda ake kira R134a yana tafasa a ma'auni 26 ƙasa da sifiri. Ana sakin sa cikin wani ƙaramin akwati mai siraran bututu da ke ɓoye a gaban direba, ya tafasa, ya kwashe zafin cikin mota. Daga nan kwamfuresa, wadda inji ke juyawa da bel, ta zuƙo tururin ta matse shi, ta tura shi zuwa kwandensa da ke gaban lagireto. A can iska ke kwashe zafin, tururi ya koma ruwa, ya sake zagayowa.

Ku lura da kalmar nan, zagayowa. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, mota ba ta shan sa. Abin da aka ɗura, wanda a ƙananan motoci bai cika kilo ɗaya ba, shi ne zai yi ta kewaya shekara da shekaru, sai ɗan abin da ke zurarewa a hankali. Saboda haka in gas ya ƙare cikin mako uku, akwai huda. Ɗura sabo ba tare da an toshe ta ba ɗiban ruwa ne da kwando. A tsohuwar mota wuraren yoyo ba su da wuyar zato: zoben roba da ya bushe a mahaɗar bututu, tiyo da ya tsage, kwandensa da tsakuwa ta fasa a hanyar Kwantagora, ko bakin kwamfuresa. Da yake gas yana tafiya tare da mai, inda yake fita yakan bar danshin mai da ƙura ta manne a kai. Wannan alama ko yaro zai iya gani. Bakaniken kirki zai nemo hudar, ya gyara, ya zuƙe iska da danshin da suka shiga bututu da na'ura, sannan ya ɗura gas bisa awon da aka rubuta a ƙarƙashin murfin inji. Wanda ya ɗauko tukunya ya fara ɗurawa bai tambaye ka komai ba, ya san za ka dawo.

Gas ɗin ma iri-iri ne. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da R12 suka fito. An gano yana lalata rufin iskar da ke kare duniya daga mugun hasken rana, sai ƙasashe suka yi yarjejeniya a Montreal a 1987 cewa za a daina yin sa. R134a ya maye gurbinsa, kuma tun 2017 sababbin motocin Turai sun bar shi ma sun koma wani. Kowanne da irin man da ya dace da shi, in aka gauraya, kwamfuresa ce ke shan wahala. Abin da ya fi wannan muni shi ne masu ɗura gas mai kama wuta, dangin na girki, domin ya fi araha kuma yana ba da sanyi. Bututun nan yana ratsawa ta gaban ƙafafun direba da na wanda ke zaune kusa da shi. A nemi ganin tukunyar kafin a yarda.

Ba kullum laifin gas ba ne. Akwai motar da ke sanyi a kan titin Koko, amma da ta shiga cunkoson kasuwar Yelwa sai ta fara hura ɗumi. Wannan yawanci fanka ce ta gaji, ko ƙurar hunturu da ƙwarin bakin tafki sun toshe kwandensa. Wanke ta da ruwa a hankali yakan dawo da sanyin da mai mota ya ɗauka ya tafi har abada. Mu tuna kuma cewa yawancin motocin nan an yi su ne domin ƙasashen sanyi, wasu ma ba su zo da esi ba, nan aka haɗa musu. A Yawuri zafi yakan haura ma'auni 40 a Maris da Afrilu. Zafin da kwandensa ta fitar kai tsaye yake bugun lagireto, don haka tsohon inji yana iya tafasa. Idon direba ya riƙa komawa kan allurar zafi. In ta fara hawa, a kashe esi nan take, gara gumi da inji ya buga.

Sai maganar fetur. Esi tana ƙara shan mai, ƙaramin inji kuma yana jin nauyinta, musamman a hawa. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, wasunmu da esinsu ke da lafiya ma sai ranar biki suke kunnawa. Duk da haka yana da kyau a kunna ta minti goma kowane mako, ko da hunturu ne, domin mai ya zagaya robobi kada su bushe. Da damina kuma ita ce ke share hazon gilashi. Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota bayan an kunna ta ba cuta ba ne, danshin iska ne.

Ga mai shirin saye, shawararmu ita ce kada ya gwada esi da safiyar Disamba. Ya gwada da ƙarfe biyu na rana, mota na tsaye, inji na aiki kamar minti ashirin. Ya saurari ƙarar kamawar kwamfuresa, ya duba danshin mai, ya kalli allura. In ta gaza, ya rage kuɗin gyara daga farashi tun a wurin ciniki, domin kwamfuresa kaɗai tana iya cinye albashin wata. Araha ba ta ado.

Akwai abu biyu da muke roƙon iyaye da ɗalibai su riƙe. Motar da aka rufe a rana irin tamu, cikinta yana iya kai ma'auni 60 cikin awa ɗaya. Kada a bar yaro a ciki, ko da sallahu za a kai a dawo, kuma a kulle motar da ke ajiye a gida don kada yara su shiga wasan ɓuya. Na biyu, kada kowa ya kwanta barci cikin mota inji na aiki don ya sha sanyi. Tsohuwar salansa tana yoyo, hayaƙin da ke kisa kuwa ba shi da wari.

Shi dai abokin aikinmu, da aka bincika sai aka samu zoben roba biyu sun bushe, kwandensa kuma ta huje daga ƙasa. Kuɗin da ya zuba a gas sau uku ya kusa isa sayen wata kwandensar. Ya canja robobin, amma da ya dubi tayoyinsa na gaba sai ya ce su za su riga esi, tun da bashin ƙungiya bai ƙare ba. Har yanzu gilashinsa a sauke yake, kuma shi ke riga kowa zuwa gindin dogon yaro da safe.