Annoba da Maƙalallen Haƙori

Babban mutum haƙori 32 gare shi in sun cika. Huɗu daga cikinsu, watau turamen can ƙurya, su ne 'yan auta, gama ba su fitowa sai mutum ya kai shekara 17 zuwa 25. Don haka ne Turawa ke ce musu haƙoran hankali. Sau da yawa kuwa in sun tashi fitowa sai su iske 'yan'uwansu sun cinye wurin. Sai haƙori ya karkace ya tokari na gabansa, ko ya leƙo rabi, rabi na cikin dasashi. Wannan shi ne maƙalallen haƙori.

Maƙalewar ita kaɗai ba ciwo ba ce. A Ingila ma tun cikin 2000 aka shawarci likitoci su ƙyale irin wannan haƙori muddin yana zaune lafiya. Wanda ya leƙo rabi shi ne mai fitina. Naman dasashi ya kan rufe shi kamar murfi, abinci ya shige ƙarƙashi inda buroshi ba ya kaiwa, wurin ya kumbura ya tara mugunya, har buɗe baki ya gagari mutum. In abin ya yi ta dawowa, maganinsa cirewa.

To, ga yadda aka yi a Ingila da cutar korona ta shigo. Ran 23 ga Maris 1920 ba a san da ita ba, amma ran 23 ga Maris 2020 sai da ta sa aka kulle ƙasar duka. Bayan kwana biyu aka umurci likitocin haƙori su dakatar da aikin yau da kullum. Dalili kuwa shi ne injin da su ke aiki da shi yana fesa ruwa, ruwan ya gauraya da miyau ya bi iska, ga likita ya sunkuyo dab da bakin majinyaci. Maƙalallen haƙori kuma sau da yawa ba ya fita sai an tsaga dasashi, an rage ƙashi da wannan injin.

Sai aka koma duba mutane ta waya. Abu uku likita ke iya bayarwa daga nesa: shawara, da maganin rage zafi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta in ya ga ya kamata. Wanda abin ya tsananta gare shi, a tura shi ɗaya daga cikin wuraren gaggawa da aka buɗe. Amma fa magani lallashi kawai ya ke yi. Kumburi ya saɓe, haƙori na nan inda ya ke, bayan 'yan makonni a koma gidan jiya.

Ran 8 ga Yuni aka yarda a sake buɗewa, duk da haka aiki bai yi sauri ba. Da fari in an yi aiki da injin, sai a bar ɗakin ba kowa kamar awa guda kafin wani ya shiga. A manyan asibitoci kuwa an riga an ɗage fiɗar da ba ta gaggawa ba, saboda haka waɗanda sai an sa su barci za a cire musu haƙori suka yi dogon jira. Annoba ba ta ƙara yawan haƙoran da ke maƙalewa ba, wannan sha'anin muƙamuƙi ne. Jinkiri ta kawo, jinkirin kuwa ya kan ba ruɓa damar kama lafiyayyen turmin da aka tokara, a zo cire ɗaya a rasa biyu.

Na yara ya fi ban tausayi, domin nasu ba ya ciwo balle a kawo kuka. Fiƙar sama ta kan fito wajen shekara 11 ko 12, wani lokaci ta ɓace hanya ta nufi ganɗa. Likita ya kan gane haka tun yaro na shekara 10, da taɓa dasashi da ɗaukar hoto. In ya cire fiƙar yarinta da wuri, sau da yawa sabuwar ta kan miƙe da kanta. Yaron da lokacin nan ya wuce shi yana kulle a gida, sai dai a yi masa fiɗa a tono ta, sa'an nan a ɗaura mata ƙarfe a yi ta jawo ta a hankali, wata da watanni.