Ladubban Zaman Majalisar Ƙaramar Hukuma da Tsarin Kwamitocinta

Matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya bi hanyar Jega, ya ratsa Bodinga da Shagari, har ya iso mararrabar Kajiji inda hanyar Gummi ta rabu, zai wuce kasuwanni da tasoshin mota da mahautu da maƙabartu da makarantun firamare, ba tare da ya tuna cewa dukkan waɗannan an zayyana su a Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 cikin abubuwan da ƙaramar hukuma ke riƙe da su ko take da hannu a ciki ba. Kajiji ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Shagari, tare da irin su Lambara da Jaredi da Sanyinnawal da Dandin Mahe, kowace da kansilanta. Jama'a sun san ranar da suke zaɓensa, sun san gidansa saboda bukatun suna da jinya, amma kaɗan ne suka san abin da yake yi idan ya shiga zauren majalisa, alhali kuwa a can ne amanar da aka ɗora masa take cika ko take tozarta.

Mushawara ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna 'yan shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Bodinga, shi ne mai Liya'ul Hukkami, littafin da ya wallafa wa mutanen Kano, wanda ya lizimta wa shugaba neman shawarar ma'abota ilmi da hankali. Sai dai a zamanin En'e shawarar majalisa ta zama abin da sarki zai karɓa in ya so, ya ajiye in ya so, har Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa cikin watan Agusta 1950 ya nemi a gyara tsarin, aka yi dokar En'e ta 1954 wadda ta ɗaure sarki da majalisarsa. Garambawul na 1976 ya kawo ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a faɗin Nijeriya. A 1991 aka raba aiki biyu, shugaban ƙaramar hukuma da sufabaizoji suna zartarwa, kansiloli suna yin doka da sa ido, sa'an nan sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya lamunce cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe majalisar, ya bar wa majalisar dokokin jiha ta tsara sauran bayani.

To, zaman majalisa yana da sharuɗɗan inganci da rukunai, kuma na farkonsu shi ne sammaci: akawun majalisa ya aika wa kowane kansila takarda tun kwanaki kafin ranar, ɗauke da wuri da lokaci da jerin abubuwan da za a tattauna. Mai karatu zai iya ganin wannan ƙaramin abu ne, amma da shi ake hana mutum huɗu su haɗu da dare su yanke abin da ya shafi mutum goma, kuma da shi kansilan da mazaɓarsa ke nesa da sakatariya yake samun zarafin tuntuɓar dagatai da masu unguwanni da sarkin kasuwa kafin ya zo ya buɗe baki. Sharaɗi na biyu shi ne adadin da zama ba ya ƙulluwa sai ya cika. Malaman Malikiyya sun ce Juma'a ba ta inganta sai da mutum goma sha biyu ban da liman, waɗanda za su tsaya tun daga huɗuba har sallama. Haka nan majalisa, in aka ƙirga aka ga adadi bai cika ba, ko ya cika da farko amma wasu suka sulale a tsakiya, duk abin da aka zartar bayan haka ɓatacce ne, komai kyawunsa. A majalisun tarayya da na jihohi Tsarin Mulki ya yanke sulusin 'yan majalisa, na ƙaramar hukuma kuwa dokar jiha ce ke faɗa.

Idan zama ya ƙullu, abin da ake fara yi bayan addu'a shi ne karanta bayanin zaman da ya gabata, wanda akawu ya rubuta, domin kowa ya ji ko an rubuta abin da ya faɗa kamar yadda ya faɗa, a gyara in da kuskure, a amince, shugaban majalisa ya sa hannu. A nan ya kamata mu daɗe, gama a ra'ayina babu wata ƙa'ida da ta kai wannan nauyi. Magana ta fatar baki kowa yana iya musanta ta bayan wata uku, amma abin da ya shiga daftari, da kwanan wata da sunan wanda ya kawo ƙudiri da na wanda ya mara masa baya da adadin ƙuri'u, ya zama hujja a gaban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi, da gaban alƙali, da gaban mutanen mazaɓa ranar da kansila zai dawo neman ƙuri'a. Majalisar da ba ta da daftari ingantacce, ko da kullum tana zama, ba ta bar wa kowa abin da zai kama ta da shi ba, kuma galibi ba bisa kuskure ake barin daftarin fanko ba.

Sa'an nan sai ladubban magana. Ba mai magana sai shugaban majalisa ya ba shi izini, kuma shugaban yake fuskanta, ba abokin jayayyarsa ba, don kada muhawara ta koma zage-zage. Ƙudiri ba ya shiga tattaunawa sai wani ya goyi bayansa. Mai son gyara ya kawo gyaransa, a fara yanke hukunci a kan gyaran kafin asalin ƙudirin, kana a kaɗa ƙuri'a, rinjaye ya ɗauka, wanda bai yarda ba kuma yana da haƙƙin a rubuta cewa bai yarda ba. Kansilan da ke da wata maslaha ta kansa cikin al'amari, kamar a ce ƙanensa ne ke neman kwangilar, wajibi ne ya bayyana, ya janye daga ƙuri'a. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi wuya a garuruwanmu, inda in ka bi dangantaka da auratayya kowa ɗan'uwan kowa ne, amma wuyarta ce ta sa ake bukatar a rubuta ta.

Amma fa ba a zauren ake yin yawancin aikin ba. Mutum goma ba za su iya tsefe kasafin shekara layi layi cikin zaman yini ɗaya ba, shi ya sa ake rarraba su kwamiti kwamiti. Tsarin 1976 ya wajabta biyu, Kwamitin Kuɗi da Al'amuran Yau da Kullum da Kwamitin Ilmi, ya bar sauran ga bukatar kowace majalisa. Bayan raba aikin da aka yi, na farkon ya koma ɓangaren zartarwa a jihohi da yawa, kansiloli kuma suka kafa nasu na kasafi, da ayyuka, da lafiya, da noma, da koke-koken jama'a. Akwai kwamiti na dindindin, akwai na wucin gadi wanda ake kafawa don matsala ɗaya, ya miƙa rahoto ya watse. Tun da kansilolin ba su da yawa, kowane zai samu kansa cikin biyu ko uku, don haka yawaita kwamitoci saboda kowa ya samu kujerar shugabanci ɓata lokaci ne da kuɗin zama.

A ƙaddara mahautan Kajiji sun kawo kuka cewa mahautarsu ba ruwa ba magudana. Kansilansu ya rubuta ƙudiri ya miƙa wa akawu, a sa shi cikin ajanda, wani kansila ya mara masa baya, majalisa ta miƙa wa kwamitin ayyuka tare da wa'adi. Kwamiti ya je ya gani da idonsa, ya ji daga sarkin fawa, ya kira shugaban sashen ayyuka ya kawo ƙiyasin kuɗi, ya kira ma'aji ya faɗi ko akwai gurbinsu a kasafi, sa'an nan ya dawo da rahoto rubutacce. Kwamiti ba ya zartarwa, shawara yake bayarwa. Majalisa ce za ta karɓa ko ta mayar. In an karɓa, aiki ya koma hannun shugaban ƙaramar hukuma, bayan watanni kuma kwamitin nan dai shi ne zai koma ya duba ko rijiyar da aka biya kuɗinta tana ba da ruwa. Kowane mataki cikin waɗannan yana barin takarda, kuma ta haka ne mazaɓar da ba ta da babban mutum a gwamnati take samun rabonta.

Abin da ya daɗe yana lalata wannan nizami a sassan ƙasar nan sananne ne: gwamnoni su rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi, kuɗi su maƙale a asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 ya kafa, kansiloli su zama masu jiran ƙarshen wata, a kai musu takarda gida su sa hannu a kan zaman da ba a yi ba. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kwamitocin riƙo. Hukunci ne mai kyau, amma ko an aiwatar da shi ƙwandala da ƙwandala, abin da zai canza shi ne hannun da ke karɓar kuɗin. Hisabinsu yana nan a wuyan majalisa. Kuma inda duk kansiloli suka fito daga jam'iyya ɗaya da shugaba, babu ɗan adawa da zai ɗaga murya, sai ƙa'idojin zama kaɗai suka rage masu tilasta a karanta kasafi a fili.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ko a Kajiji kake ko a wata daga mazaɓu 244 na jihar Sakkwato, idan ka haɗu da kansilanka, bayan gaisuwa ka tambaye shi yaushe majalisa ta yi zamanta na ƙarshe, wane kwamiti yake ciki, wane ƙudiri ya kawo da sunan mazaɓarku, ka kuma roƙe shi ya zo da kwafen bayanin zaman a karanta wa jama'a a ƙofar hakimi ko bayan sallar Juma'a.