Niyyar Asuba Ita Ce Linzamin Yini

Magabata sun ce, da sanyin safiya ake kama fara. Abin nufi, yadda mutum ya fara yini haka yininsa zai kasance. Saboda haka malamanmu na da ba su yarda almajiri ya tashi daga sallar asuba ya faɗa harka kai tsaye ba, sai ya zauna ya yi wuridi, ya karanta abin da zai farkar da zuciyarsa.

Littattafan da suka dogara da su sanannu ne. Akwai Dala'ilul Hairati na Imam Jazuli, mutumin Maroko, wanda ya rasu a 1465. An kasa shi kashi kashi bisa kwanakin mako, kowace rana da rabonta, daga Litinin. Akwai Ishiriniya ta Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, ƙasida 29 ta yabon Annabi, kowace ɗaya baiti ashirin. A nan gida kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙin wa'azi da Larabci da Fillanci da Hausa, jajinta suka riƙa kai wa mata har ƙauyuka. Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya ita ma tana tuna wa mai ji cewa duniya ba matabbata ba ce.

To, amma karatun ba don daɗin murya aka shirya shi ba. Ku lura, Imam Buhari da hadisin niyya ya buɗe littafinsa, haka kuma Imam Nawawi ya sa shi farkon Arba'una. Wuridin asuba lokaci ne da mutum zai tambayi kansa: yau don wa zan yi aiki?

Nan ne maganar ta shafe mu, mu ma'aikata. Akawun da ya idar da wuridi, sa'an nan ya je ofis ya danne takardar talaka sai an ba shi toshi, ya zubar da abin da ya tara da asuba. Malamin makarantar da ya raira yabo, kana ya shiga aji a makare ba shirin darasi, ya ci amanar yara arba'in da iyayensu.

Shawarata ita ce, bayan addu'a kowa ya ƙudura abu guda tak da zai cika kafin azahar: takarda ɗaya da ta daɗe a tebur, ko yaro ɗaya da aka bari baya a lissafi. Da magariba ya binciki kansa. Allah ya sa ayyukanmu su yi daidai da niyyarmu, amin.