Karin Kumallo A Gida Da Kuma A Masar



Ni 'yar Kiru ce, can aka yanke cibiyata. Har na gama sakandare ban taɓa zaton akwai garin da za a wayi gari ba a ji sallamar mai koko da ƙosai a zaure ba. Sai da Allah ya kai ni birnin Alƙahira na ƙasar Masar karatun aikin jinya, sa'an nan na ga ashe kowace ƙasa da yadda take karya kumallonta.

Safiyata ta fari, wata 'yar ajinmu ta ja ni bakin titi wurin wani mai amalanke. A kan amalanken akwai wata ƙatuwar tukunya mai siririn wuya kamar tulu, an ɗan kishingiɗa ta. Ya zura dogon ludayi ya ɗebo wake da ya dahu ya yi lugub, ya zuba mai da gishiri, ya matsa lemon tsami, ya miƙo mini da gurasa da albasa. Wannan shi ne ful. Wakensu fale-fale ne, ya fi namu girma, kuma tun dare ake ɗora shi a ƙaramar wuta ya kwana yana nuna. Na ce a raina, wake da sassafe haka, ba ko ɗan ruwan koko? Na ci dai don kunya. Amma fa har aka tashi daga aji bayan azahar ban ji yunwa ba. Su da kansu suna yi masa kirari da ƙusar ciki, don in ya shiga ba ya motsi, kuma babban abincinsu na yini sai wajen la'asar ake cinsa.

Suna da ƙosai su ma, sunansa ɗa'amiyya. Da wannan waken ake yi, a jiƙa, a cire ɓawo, a markaɗa da ganyaye, shi ya sa in kin ɓare za ki ga cikinsa kore shar. Gurasar kuwa suna ce mata aish, watau rayuwa, kuma ba wasa suke ba. A watan Janairu na 1977 da gwamnati ta janye rangwame a kan kayan abinci, sai da aka yi tarzoma har ta mayar. Gurasar rangwame ta shekara fiye da 30 ana sayar da ita ƙirshi 5, sai a watan Yuni na 2024 aka mai da ita ƙirshi 20. Ƙirshi 100 ne fam ɗaya na kuɗinsu.

A gidan kwananmu na ga wasu al'adun. 'Yan Sudan shayi kawai suke sha da asuba, sai hantsi ya dubi ludayi, wajen ƙarfe goma, su zauna su ci ful sosai. 'Yan Malesiya kuwa shinkafa dafaffa da ruwan kwakwa suke ci tun da safe, da ƙananan kifi da gyaɗa da ƙwai da yaji. Wata rana na tuƙa tuwo da dare, da safe na ɗumama shi da miyar kuka da Inna ta ƙullo mini. Ina ɓoyewa don kada a ce na ci kwantai, sai ga su sun zagaye ni da cokula. Tun ran nan na daina jin kunyar ɗumame.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wanda na tarar da na zo hutu. Yawancin yaran unguwarmu koko zalla suke kurɓa su ruga makaranta. Wasu kuma a miƙa musu 'yan kuɗi a ce su saya a hanya, su ƙare a alawa da biskit. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce yarinyar da ta ɗauki tallan ƙosai tun duku-duku, ta ciyar da gidaje goma, ita kuwa ta shiga aji a makare da cikinta wayam, don uwa ta ƙirga ƙosan. Malami ya ga tana gyangyaɗi ya ce daƙiƙiya ce.

Ba ina kushe koko ba ne, wa ya isa? Amma uwargida ta duba yadda ake yinsa. An jiƙa gero, an markaɗa, an tace, an ba awaki dusa, gasarar da ta kwanta aka dama da ruwa mai yawa. Yana ɗumama ciki, sai dai ba ya daɗewa. Abin da ke riƙe yaro ya kuma gina jikinsa yana cikin wake da gyaɗa da nono da ƙwai. Kakanninmu da suka haɗa koko da ƙosai sun san abin da suke yi, mu ne muka raba su saboda tsada. Shayi da burodi irin na masu tebur a Kwanar Ɗangora shi ma ba laifi ga matafiyi, amma a ajin jinya an koya mana cewa shan shayi tare da abinci yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Masu juna biyu da 'yammata da suka fara al'ada su lura da wannan.

Mu kuwa da me aka fi mu? Ga dawa da masara da wake a rumbunanmu, ga shinkafar Tudun Wada, ga dankalin Doguwa, ga albasa da tumatir na noman rani tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. In ƙosai ya yi tsada, a daka ƙuli-ƙuli a barbaɗa a koko, ko a dama kunun gyaɗa, ko a rage tuwon dare a ajiye wa 'yan makaranta nasu tun kafin manya su sa hannu.

Na gwada dabarar mutanen Masar a gidanmu. Inna ta ce, “Ke 'yar nan, itacen wa za ki ƙona har asuba?” Gaskiyarta kuwa. Sai muka shirya a kan a jiƙa wake tun la'asar, in an sauke tuwon dare a ɗora shi a kan garwashin da ya rage, a rufe. Da asuba kafin Baba ya dawo daga masallaci an ƙarasa shi da 'yan ƙirare, an zuba man gyaɗa da albasa da yaji. Autarmu ta ci rabi da kokonta, ta zuba sauran a ɗan kwano ta tafi da shi don lokacin tara.