Baƙar Ƙurar Birki da Yadda Ake Raba Ta da Wilin Mota

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Dandin Mahe, kan babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari da Tambuwal har Jega, in ya ƙura wa ƙafafun motocin da ke tsayawa sauke fasinja ido, zai tarar na baya sun yi ja da ƙurar hanya, alhali na gaba sun yi baƙi ƙirin, baƙin da yaro mai wankin mota zai zuba masa ruwa, ya goga har gumi ya karyo masa, amma ya ƙi fita. Galibin mutane suna zaton datti ne irin na kullum, saboda haka suke haɗa shi da ƙarfin tuwo, kuma wannan zato shi ne asalin ɓarnar da ake yi wa wili.

Haƙiƙanin al'amari, wannan baƙi daga cikin motar yake fitowa. A duk sa'ad da direba ya taka birki, ko don garken shanu da ya ratso titi, ko don mai babur da ya fito babu zato, fatun birki biyu ne ke matse wani faifai na baƙin ƙarfe da ke juyawa tare da taya, kuma da wannan gogayya ce gudun mota ke komawa zafi, zafin da kan kai digiri ɗaruruwa. Faifan yana cinyewa, fatun suna cinyewa, abin da ya zube daga gare su shi ne garin ƙarfe gauraye da gawayi da ƙaron da aka haɗa fatar da shi. Da yake nauyin mota gaba yake rinjaya lokacin tsayawa, birkin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin, shi ya sa ƙafafun gaba suka fi baƙi. Garin nan yana sauka a kan wili da zafinsa, ya nutsa cikin fenti. In raɓa ko ruwan damina ya same shi sai ya yi tsatsa, ya kafe, har ya soma huda fentin.

A zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, wilin ƙarfe ne da murfi a kansa, babu mai damuwa da abin da ke ɓoye a ciki. Amma da motocin Kwatano suka yawaita da wilinsu na alminiyon mai tagogi, sai ƙurar ta sami mafita, ta bayyana ga kowa, kuma alminiyon ba ya jure abin da ƙarfe ke jurewa. Wili ba gindin tukunya ba ne da za a dirje shi da yashi da toka. Soson ƙarfe yana kankare fentin da ke kare shi, soda tana cin alminiyon, ruwan batir kuwa yana ƙone wili da hannun mai wankin gaba ɗaya. Haka nan fetur da kananzir da gas, in suka tsiyaya kan faifai suka jiƙa fata, birki zai yi santsi, wanda kuwa ya sayi ƙyalli da kamun birkinsa ya yi mummunan ciniki.

Sharaɗi na farko ga mai son yin aikin bisa ƙa'ida shi ne haƙuri. Motar da ta shigo daga tafiya, musamman a bazarar ƙasar Sakkwato da zafi kan haura digiri 40, sai a kai ta inuwa a bar ƙafafunta su huce har hannu ya iya taɓa su, domin ruwan sanyi a kan faifai mai zafi yana iya lanƙwasa shi, sabulu kuma yana bushewa nan take ya bar tabo. Sannan a fara kwarara ruwa zalla don yashi ya sauka, a kaɗa sabulu a bokitin da aka keɓe wa ƙafafu kaɗai, a jiƙa wili a ba shi minti biyu ko uku, a bi lungunansa da buroshi mai laushi, a bi ramukan notina da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye ƙafa ɗaya a tsane ta kafin a koma ta biyu. Tsumman da ya taɓa wili kada ya hau jikin mota, gama garin ƙarfen da ya kwasa zai zazzana fenti. Wanda ya lizimci haka mako-mako, bokiti guda zai wadatar da shi, ya kuɓuta daga israfin ruwa.

Amma ga ƙurar da ta yi watanni ta kafe, akwai ruwan magani na musamman da ake sayarwa don narkar da garin ƙarfe: ana fesa shi a wili mai sanyi, cikin 'yan mintoci ya rikiɗe ya zama shunayya, alamar ya kama ƙarfen, sai a goga a wanke tun bai bushe ba. Maimaitawa sau biyu cikin natsuwa ta fi dirza guda ta ƙarfi. Bayan an gama a shafa man goge mota a fuskar wili kaɗai, ban da faifai, kuma direba ya tattaka birki a hankali kafin ya hau titi.

Wajibi ne kuma a kiyaye numfashi, domin akwai fatun birki da ake sa wa ma'adinin asbestos, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa cutar daji a huhu, har Tarayyar Turai ta haramta shi ɗungurungum a 2005, kuma a 2024 ta kafa doka mai ƙayyade yawan ƙurar da birki zai fitar. Saboda haka bakanike da mai faci kada su hure ta da iskar inji. A jiƙa ta kafin a taɓa.

Mafificiyar fa'idar wannan aiki ita ce mai wanki yana ganin abin da direba ba ya gani daga kujerarsa. In ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta baƙi ƙwarai, la'alla birkinta yana maƙalewa. In ƙurar ta yi danshi da maiƙo, mai ne ke yoyo. In kuwa ana jin ƙara, ga fata ta kasa milimita 3, to ta ƙare, lokacin canji ya yi. Direban da ya ɗauki bayin Allah daga Dandin Mahe zuwa Sakkwato amanar rayuka ya ɗauka, kuma za a tambaye shi a kanta. Don haka muna kira ga direbobi da masu motoci, kowane mako su durƙusa su dubi ƙafafun motarsu da idonsu, abin da suka gani kuma su kai wa bakanike tun kafin su ɗora kaya. Allah Ya kiyaye hanya, amin.