Sun Ci Shari'a, Sun Rasa Ƙasa

Duk abin da Turawan Amurka suka ce shi ne wayewa, ƙabilar Ceroki ta yi shi. A 1821 wani mutuminsu mai suna Sequoyah ya ƙirƙiro haruffan rubuta harshensu. A 1827 suka rubuta tsarin mulki, a 1828 suka fara buga jaridarsu. Ga gonaki, ga makarantu, ga kotuna.

Ana cikin haka aka gano zinariya a ƙasarsu da ke jihar Jojiya, baƙi suka yi ta kwarara. A 1830 shugaban Amurka Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa yammacin kogin Misisipi.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutanen nan ba su ɗauki makami ba, kotu suka bi. A 1832 Kotun Ƙoli, ta bakin babban alƙali John Marshall, ta ce dokokin Jojiya ba su da hurumi a ƙasar Ceroki. Gwamnatin tarayya ta yi kunnen uwar shegu, Jojiya kuma ta shiga raba wa Turawa gonakin Ceroki ta hanyar jefa ƙuri'a.

Da aka rasa hujja sai aka nemo takarda. A 1835 aka samu wasu 'yan tsiraru, waɗanda ba wanda ya wakilta su, suka sa hannu a yarjejeniyar garin New Echota, suka sayar da ƙasar kan dala miliyan 5. Shugaban ƙabilar, John Ross, ya tattara sunayen mutum kusan 15,000 da suka ce ba da yawunsu ba. Majalisar Dattawa ta amince da takardar da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak.

A 1838 sojoji suka bi gida-gida suka tattara 'yan Ceroki a sansanoni, sannan aka tasa ƙeyarsu zuwa yankin da a yau ake kira Oklahoma, yawancinsu a ƙafa, cikin tsananin sanyi. Cikin mutum kusan 16,000, an ƙiyasta 4,000 sun mutu. Wannan tafiya ce ake kira Tafarkin Hawaye.

Yarjejeniyar ta yi musu alkawarin wakili a Majalisar Wakilai. A 2019 suka naɗa Kimberly Teehee. Har yau majalisa ba ta ba ta kujera ba.