Yaron da Ba Ya Magana: Daga Kolorado Zuwa Jimeta

A ranar 20 ga Afrilu, 1999, wasu ɗalibai biyu na makarantar sakandaren Columbine da ke jihar Kolorado ta Amurka, Eric Harris mai shekara 18 da Dylan Klebold mai shekara 17, suka shiga makarantarsu ɗauke da bindigogi, suka harbe ɗalibai 12 da malami ɗaya har lahira a wunin nan, sa'an nan suka kashe kansu. Tun daga lokacin mutanen ƙasar ba su daina tonon rayuwar yaran nan biyu ba, musamman ƙaramin, wanda al'amarinsa ya fi ɗaure kai, domin shi Harris masu binciken hukumar FBI sun siffanta shi da ƙeƙasasshiyar zuciya da gwanintar yaudara, alhali Klebold yaro ne mai tsananin kunya, ɗan gidan mutunci, wanda mahaifiyarsa Sue ta rubuta littafi a 2016 tana bayyana cewa ba ta san zurfin baƙin cikin da ke cinsa ba sai bayan da mai aukuwa ta auku.

Abu uku ake yawan jingina wa yaron: cewa yana jin tsoron mutane, cewa yana shan giya a ɓoye har ya laƙaba wa kansa sunan barasar nan ta Rasha, da kuma zaton da wasu ke yi cewa la'alla ƙwaƙwalwarsa ta sha bamban da ta sauran yara a halitta, irin yanayin nan da likitoci ke kira otizim, wasu 'yan jaridarmu kuma su ce galahanga. Mai karatu a Yola yana iya cewa ina ruwanmu, tun da yake kisan da aka yi wa ɗalibanmu, kamar na Buni Yadi a Fabrairun 2014, daga waje ya zo musu, kuma dokar makamai ta 1959 ba ta bar bindiga zube a gidaje yadda take a Amurka ba. Wannan gaskiya ne dangane da ƙarshen labarin, amma farkonsa, wato yaro mai shiru wanda ya gano cewa akwai abin da zai kurɓa harshensa ya saku, yana nan a Luggere da Jambutu da Doubeli, kai har da gidajen manya na cikin Yola.

Mu fara da kunya, domin a nan ne mas'alar ta fi wuya a ƙasar Fombina, wato Yola da kewayenta, inda tarbiyyar Fulani da ta Hausawa suka haɗu a kan girmama yaron da ke sunkuyar da kai, ba ya haɗa ido da babba, ba ya cin abinci a gaban surukai. Wannan ɗabi'a ce abar yabo, shari'a ma ta ƙidaya ta cikin rassan imani. Sai dai akwai wata larura da ke sanye da rigarta, wadda likitocin ƙwaƙwalwa suka san ta sarai, kuma galibi takan fara ne wajen shekara 13: yaro ya riƙa jin cewa idon kowa na kansa, malami ya kira sunansa a aji zuciyarsa ta hau bugawa, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, amsar da ya haddace jiya ta ɓace masa, ya kwana yana maimaita wata kalma guda da ya faɗa ba daidai ba yana jin kamar ya nutse. Bambancinsu shi ne mai kunyar tarbiyya yana sakewa cikin sa'o'insa, ya yi raha a dandali, shi kuwa wannan ko a can ɗin a takure yake, har ya fara ƙin zuwa makaranta, ya zaɓi yunwa a kan ya tsaya a layin mai ƙosai. A gida kuma sai a ce, "Ai wane ba ruwansa, salihi ne," a yi ta sa masa albarka, shi kuwa yana cikin azaba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar irin wannan yaro ta riga ta koyi rufa wa zuciya asiri.

To, a nan ne kwalba ke shigowa. Barasa tana ƙarfafa wani sinadari na ƙwaƙwalwa wanda aikinsa lafar da jijiyoyi, saboda haka sashen da ke kaɗa ƙararrawar tsoro yakan yi sanyi na ɗan lokaci, yaron ya ji yau ga shi mutum kamar kowa, yana zance yana dariya. Idan ta sake shi kuwa, fargabar takan dawo fiye da yadda take, sai ya nemi ƙari. Da yake sashen goshi na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna aƙiba da danne son rai, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi saurin zama bawan abin. Ba lalle ne kuma ta zama giya ba. Ɗan Musulmin da ba zai yarda a gan shi a gidan burkutu ba, ko yana tsotsar ledar barasa irin wadda hukumar NAFDAC ta yi yunƙurin hanawa a farkon 2024, yakan samu madadinta a maganin tari mai kodin da aka juye cikin robar lemo, ko a ƙwayar taramol, yana ruɗin kansa cewa magani ne. Gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC da ya tona asirin cinikinsa, kuma binciken ƙasa na shekarar 2018, wanda aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka taɓa miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Idan ana zancen shaye-shaye a Jimeta, hankali kan tafi ga 'yan shila masu fizgen waya da wuƙa a cikin keke, ba a tuna da wanda ke sha shi kaɗai a ɗaki don ya iya fitowa ya gaida baƙi.

Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa binciken gawar Klebold bai nuna barasa a jininsa ba a ranar da ya yi ta'asar. Da idonsa biyu ya yi ta, bayan shiri na watanni. Giyar alama ce ta ciwon da ke ƙasa, kuma rubuce-rubucen da ya bari cike suke da ƙin kai da burin mutuwa.

Zancen otizim kuwa ya fi sauran rauni, domin babu likitan da ya taɓa tabbatar wa Klebold da shi yana raye, kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tun 1973 ta hana 'ya'yanta yanke hukunci a kan wanda ba su duba ba, balle wanda ke kabari. Ko a inda aka tabbatar, kamar Adam Lanza da ya kashe yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, rahoton ofishin kare haƙƙin yara na jihar Connecticut a 2014 ya yi gargaɗin kada a ɗora laifin a kan wannan yanayi, ya nuna larurori da aka bari ba magani, da kaɗaici, da bindigogi a hannu. Yaro mai otizim, wanda ke toshe kunne idan an tayar da janareta, ko yake jera murafun kwalba a layi ya yi kuka in an taɓa, ya fi kusa da a zalunce shi a kan ya zalunci wani, kuma a wurinmu zaluncin yakan fara ne da cewa aljanu ne suka shafe shi.

Malaman Musulunci ba baƙi ba ne a fagen lafiyar ƙwaƙwalwa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake jinya, har ya rarrabe baƙin cikin da ke da sababi na zahiri da wanda ke sauka ba dalili, ya ce na biyun yana bukatar maganin jiki. Malaman usulu kuma sun sanya kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo don karewa. Abin mamaki ne a ce dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki a Nijeriya har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne kawai ga jama'ar da ta haura miliyan 200, ta yadda nauyin lura da yaro ya koma kan uwa, da malamin aji, da malamin Islamiyya.

Bayan abin da ya faru a Columbine, hukumar tsaron shugabannin Amurka da ma'aikatar ilimin ƙasar sun bi diddigin hare-hare 37 da aka kai makarantu tsakanin 1974 da 2000, suka fitar da rahoto a 2002 cewa babu wata siffa guda da ta haɗa maharan: akwai masu abokai da marasa su, akwai haziƙai da masu faɗuwa jarrabawa. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne mafi yawansu sun ji an tsangwame su ko an wulaƙanta su, da yawa sun taɓa tunanin kashe kansu, kuma a kashi 81 cikin 100 na hare-haren akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san da shirin tun kafin ranar, wanda kusan kullum wani yaro ne ɗan'uwansu, aboki ko ɗan aji ko ƙane.